Lawali a Bakin Rijiyar Gudduwa

Sale, labari ya iso ni cewa ran nan ɗanka ya ƙi shiga ɗaki don ya ga ƙadangare, ka ce masa kada ya yi gadon baffansa Lawali. Ka faɗa kana dariya, ba ka san za ta ratso hamada ta same ni a Sabha ba. Ban yi fushi da kai ba. Lokacin da abin ya faru ba ka fi turmi tsayi ba, yayarka Nana kuma ba ta gama famfara ba, don haka abin da kuka sani game da yayanku shi ne abin da ƴan unguwa suka ɗura muku a kunne. To, yau ku ji daga bakina. Ido ya yi rauni, hannu yana rawa, na manta sunayen rabin mutanen da na ci abinci da su a duniya, amma shekarar nan tana nan a kaina daram, ko ƙura ba ta hau ta ba.

Kun san ni malamin kimiyya ne a kolej a Matamai kafin yunwa ta koro mu arewa. Yadda muka ratso hamada wani babi ne, ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. A Sabha na fara da ɗaukar bulo kamar kowa, har bayana ya ce shi ba da shi ba. Ina kwance ina jinya a ɗakinmu na haya a unguwar Mahdiya, sai na lura da ƴaƴan mutanenmu suna gararamba a layi tun safe har yamma, don ba su da takardu, makarantun ƙasar kuma ba sa karɓar wanda ba shi da takarda. Abin ya tsaya mini a rai. Na samu wani tsohon gareji mai ƙofar ƙarfe, na shafa wa bango ɗaya baƙin fenti, na shimfiɗa tabarmi, shi ke nan makaranta ta tashi. Yawancin yaran ƴaƴan leburori ne daga ƙasarmu, sai ƴan kaɗan ƴaƴan fatake daga Kano da Katsina. Manyan cikinsu, waɗanda a gida da sun shiga kolej, su nake ware wa bayan la'asar. A cikinsu akwai yayanku Lawali, dogo siriri, murya ta fara fashewa, mai tambayar tsiya.

Darasin da na fi so a duniya shi ne na iska. Ranar da zan fara shi na ɗauko kofin shayi na gilashi wanda babu komai a ciki, na ɗaga sama.

"Me ke cikin kofin nan?"

"Ba komai, Malam!"

"Kun rantse?"

"Mun rantse!"

"To, kun yi rantsuwar kaffara, ku je ku fara azumi."

Na dunƙule takarda na cusa a gindin kofin, na kifa shi cikin bokitin ruwa har ya nutse, na fito da shi na ba wata yarinya ta zaro takardar. A bushe take ƙayau. Na ce musu akwai wanda ya riga ruwa shiga ɗakin nan, ya kuma hana shi shiga. Daga nan na kafa kyandir a faranti, na zuba ruwa kewaye da shi, na kunna, na kifa masa kwalba. Wutar ta yi rawa, ta ƙanƙance, ta mutu, ruwa ya ɗan hau cikin kwalbar. Kai, ku ga idanun yaran nan! Na ce musu iskar da ta lulluɓe duniya ba abu guda ba ce, gauraye ce kamar fura. In aka raba ta gida biyar, kusan gida huɗu wani malalaci ne da ake kira azot, ba ya ci ba ya ciyarwa. Wani ɗan Kano ya ɗaga hannu ya ce a wurinsu naitirojin ake cewa, na ce to mu sasanta, kowa ya kira kakansa da sunan da ya sani. Gida ɗaya shi ne oksijen, kuma daga wannan akushi guda wuta take ci, huhun mutum yake ci. Ɗan abin da ya rage akwai tururin ruwa, akwai gaz karbonik, wanda muke fitarwa ta hanci, inji yake fitarwa ta bututun hayaƙi. Shi wannan ya fi iska nauyi, in ya samu rami sai ya kwanta a ƙasansa. Na kuma gargaɗe su cewa a hayaƙin inji akwai wata guba dabam da ba ta da launi ba ta da wari. Na sa suka maimaita magana ɗaya har muryarsu ta dishe: inda wuta ta mutu, mutum ma ba zai rayu ba.

Lawali bai bar ni na sha ruwa ba ranar. Muna tafiya gida yana bina da tambaya. Iskar nan har ina ta kai a sama? Na ce in duniya albasa ce, to iska ita ce ɓawon nan na waje mai shara-shara. In gida ɗaya ne kawai cikin biyar, me ya sa bai ƙare ba tun zamanin Annabi Adamu? Na ce ya je ya gode wa itatuwa. Ya tsaya a tsakiyar titi ya ja numfashi ya riƙe, ya sake, ya ce ashe duk mutanen duniya a cikin kwalba ɗaya muke. Wallahi a ranar na ji kamar ban taɓa ɗaukar bulo ba. Na ce a raina, ko a wannan garin da ake kwana da ƙarar bindiga, ga yaro guda da zan fitar.

Yanzu sai ku san kawunku Habu, don ba ku tuna shi. Ƙanen uwarku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifiyarsu ta rasu yana jariri, uwarku Ramatu ce ta goya shi tana yarinya, ita ta tauna ta ba shi, ita ta yi masa aure. Mutum ne mai fara'a, ƙato, in ya yi dariya sai makwabta sun leƙo. Ni kuwa ba ya raga mini. In ya shigo ya tarar ina goge alli daga riga sai ya ce:

"Malam mai sayar da iska, yaya kasuwa? Yau mudu nawa aka auna?"

"Ta fi taka, mai hawan dabino kamar biri."

Yana aiki a wata gonar dabino a Gudduwa, kudu da Sabha, shi da wasu ƴan ƙasarmu, yana zuwa gida jefi-jefi. Matarsa Zali tana zaune tare da mu a Mahdiya, ga ta da ciki. Habu yana son Lawali kamar ransa, shi ya saya masa takalmin ƙwallo na farko. Da lokacin tsinkar dabino ya zo na rufe makaranta, don iyaye duk suna kwashe yaransu zuwa gonaki, sai Habu ya ce a ba shi ɗansa Lawali ya je ya koyi abin da ake ci, ba abin da ake shaƙa ba. Muka yi dariya, suka tafi.

Shekarar nan wutar lantarki ta zama baƙuwa, sai ta yi kwana da kwanaki ba ta leƙo ba. Famfon gonar na lantarki ne, ga itatuwa suna neman ruwa. Akwai wata tsohuwar rijiya mai zurfi a gonar, sai suka samo injin jan ruwa mai shan fetur. Tiyon da suke da shi gajere ne, bai kai ruwa daga sama, saboda haka suka zura injin ciki suka ɗora shi a kan wani dakali da aka gina can ƙasa kusa da ruwa. Yana ta aiki tun safe yana zuba hayaƙinsa a cikin ramin. Abin da zan faɗa muku yanzu na ji shi daga bakin Lawali, na kuma je Gudduwa da ƙafata na ji daga bakin tsohon Balaraben da ke da gonar, maganarsu ba ta saɓa ba. Wajen azahar injin ya yi tari ya mutu da kansa. Habu ya tuɓe riga zai sauka ya duba.

"Kawu, dakata. Akwai mai a cikinsa, ni na zuba. Ba mai ya rasa ba, iska ya rasa."

"Kai, ɗan Malam! Jiya ma na shiga. Riƙe mini rigar nan."

Ya bi ƙarafan da aka kafa a bango ya sauka yana waƙa. Waƙar ta yi nisa, ta tsaya. Suka ji kamar an yar da buhu. Lawali ya leƙa ya hango shi kwance a kan dakalin, hannu ɗaya yana reto. Ya ƙwala ihu, mutane suka sauko daga itatuwa suka taru, har da Ilu, shugaban ma'aikatan, wani gajere mai faɗin ƙirji daga wajen Tawa. A wajen mutanenmu, in mutum ya faɗa rijiya ko gini ya rufta masa, ba a shiga gaban jininsa. Ɗan'uwansa ne ke fara shiga, sauran su riƙe igiya. Haka aka gada, kuma ba don mugunta aka gada ba.

"Ku ɗaura wa yaron igiya," in ji Ilu. "Kawunsa ne, kuma shi ne mara nauyi."

Lawali ya ce su ba shi ashana. Ya yago zaren jikin dabino, ya kunna a cikin guga, ya zura. Wutar ba ta kai rabin rijiyar ba ta mutu murus. Ya jawo, ya sake kunnawa, ya sake zurawa, ta sake mutuwa a daidai wurin.

"Duk wanda ya shiga yanzu ba zai fito ba. Sai mun kori iskar da ke ciki."

"Kawunka yana mutuwa kana wasa da wuta? Shiga, don ubanka!"

"Ba zan kai gare shi ba, Baba Ilu. Zan faɗi a kansa."

Ilu ya kwaɗa masa mari har ya faɗi. Ku lura da wannan da kyau, ƴaƴana: ƙarti sun fi a ƙirga da hannu ɗaya a bakin rijiyar nan, kowa yana zagin yaro, amma babu wanda ya ce a ɗaura masa igiyar shi. Lawali ya tashi da jini a baki, ya ɗauki adda ya saro manyan rassan dabino, ya ɗaure su dami guda, ya shiga zura su yana fizgowa, zura yana fizgowa, don su tunkuɗo mugunyar iskar waje. Tsohon mai gonar ne kaɗai ya gane, ya kawo tamfol ya sa mutum biyu suna kaɗa iska cikin ramin. Yaron nan yana ja yana kuka yana kiran Kawu, har igiya ta saɓule masa fatar tafin hannu. Can da ya sake zura wuta ta kai ƙasa da ranta, ya fara ɗaura igiya a ƙugunsa. Sai Ilu ya ture shi gefe, ya ce matsoraci ba zai taɓa gawar namiji ba. Ya sauka da kansa, ya ɗaure Habu aka jawo shi, sannan ya hauro yana haki. Habu ya riga ya cika, amma jikinsa da ɗumi. Ilu ya buɗe hannuwa a gaban jama'a ya ce:

"Ga ni na shiga na fito. Ina mutuwar da ake faɗa?"

Kun ji inda aka kashe yayanku yana raye. Aikin da ya yi da hannunsa, wanda ya sa Ilu ya fito lafiya, shi ne ya shafe shaidarsa. Da guba ce mai launi da kowa ya gani. Ba abin da ya rage a rijiyar nan da za a nuna wa mutum a ce ga shi.

Aka kawo gawa Sabha muka binne. A zaman makoki a ƙofar gidanmu Ilu ya ba da labarin nan ya fi sau a ƙirga, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. Jikin da ɗumi, jama'a, da ɗumi! Da yaron ya shiga tun farko da yanzu Habu yana nan yana shan shayi da mu. Mutane suna girgiza kai suna satar kallon Lawali, shi kuwa yana zuba musu ruwa da hannuwa naɗe da tsumma. Na daure rana ta farko, na daure ta biyu. Ranar sadakar uku na kasa. Na san abin da ake so in yi: in sunkuyar da kai in ce yaro ne, ya tsorata, a yafe masa. Da na faɗi haka da an ce Allah ya kyauta, a shafa fatiha, a wuce wurin. Amma da na sa hannu a kan ƙarya, ɗana kuma yana tsaye yana ji. Na miƙe a gaban dattawa na ce:

"Ni na koya masa, kuma daidai ya yi. Da ya shiga da kabari biyu kuka haƙa. Kai kuma Ilu, numfashin da kake zaginsa da shi, shi ya ba ka."

Wani dattijo da muke girmamawa, wanda ƴaƴansa biyu ke ajina, ya gyara zama ya ce:

"Malam, mun ba ka yara ka koya musu karatu, ashe koya musu kake su tsaya auna iska ɗan'uwansu yana mutuwa. Mu a nan ba mu da hukuma, ba mu da gwamnati, ba mu da kowa sai junanmu. In na faɗa rami gobe, wa zai shiga?"

Wallahi ban raina maganarsa ba, har yau ban raina ta ba. Mutumin da yake baƙo a ƙasar da ba a san darajarsa ba, abin da ya mallaka ke nan, tabbacin cewa wani zai biyo shi. Na ce masa wanda zai fito da kai shi ne wanda ya tsaya ya yi tunani. Da na buɗe makaranta bayan tsinkar dabino, tabarmi sun fi yara yawa. Kafin sanyi ya shigo sai ni da Lawali da ƴan Kano biyu, su ma ubansu ya zo da kansa ya ba ni haƙuri, ya ce yana kasuwanci da mutanen nan, ba zai iya ba. Na mayar wa mai gareji makullinsa.

Makaranta ba ta dame ni ba kamar gida. Zali tana takaba a ɗakin uwarku, ciki ya tsufa, ba ta magana sai hawaye. Ba ta taɓa zagin Lawali ba, Allah ya sani, amma in ya shigo tsakar gida sai ta ja mayafi ta rufe fuska. A waje yara suna binsa suna cewa a ba shi ashana. Ya samu aikin wankin ƙarafa a wani gareji a unguwar Manshiya, inda ba a san shi ba, yana fita da sassafe. Ya rame, wuya ya yi tsawo. Wata rana ya same ni a zaure ya ce:

"Baba, da na riƙe numfashina fa? Ina iya riƙewa in daɗe."

Na zauna na bi masa abin dalla-dalla. Zurfin rijiyar, saukar da hawan, nauyin Habu, ɗaurin igiya da hannu biyu a kan dakali mai santsi. Na ce ko ƙato ba zai iya ba da numfashi guda, balle kai. Na ce kawunka ya riga ya shaƙi abin da ya shaƙa tun kafin ka kunna ashanar farko. Yana ji yana gyaɗa kai.

"Na sani, Baba. Duk na sani."

A nan na gane cewa abin da yake nema ba a wurina yake ba. Ni malaminsa ne, dole in ce ya ci jarrabawa. Wadda yake jira ita ce wadda ta goya Habu ta kuma goya shi kansa.

Ku ba ku san uwarku ta wannan fuskar ba, don ku ta sake muku, tana wasa da ku tana kiran sunanku. Lawali ɗan fari ne. Ramatu kuwa ƴar ƙauye ce ta asali, mai kunyar ɗan fari irin ta da. Ba ta kiran sunansa, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in yana ciwo sai ta aike ni in duba shi ita tana bayan ƙofa tana murza hannu. Ni boko ya lalata ni, ina kiran sunansa a aji ina kira a gida. Shi ya saba da shirunta tun yana ƙarami, ya san so ne. Amma bayan Gudduwa shirun ya zame masa wani abu dabam, ya kasa gane na kunya ne ko na ƙiyayya. Na yi mata magana ba sau ɗaya ba. Sai ta ce, "Malam, me zan ce? Yarinyar nan tana ɗakina da marayan ƙanena a cikinta. In buɗe baki in ce me?"

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana tsugune tana tuƙa tuwo, Zali tana zaune a tabarma kusa da ita tana tsince shinkafa, ni ina bakin zaure. Lawali ya zo ya durƙusa a gaban murhu. Bai taɓa yin haka ba.

"Inna."

Ba ta ɗago ba.

"Inna, da na shiga?"

Muciya ta tsaya a hannunta. Zali ma ta daina tsintar. Na ga uwarku ta dubi Zali ta wutsiyar ido. In ta ce a'a, ta faɗa a gaban matar mamaci cewa ta fi son ran ɗanta da na ƙanenta, kuma ɗan fari, abin da ko a mafarki ba a yi a gidansu. In ta ce i, ta yi ƙarya. Ta ci gaba da tuƙi ta ce:

"Je ka kira ƙannenka, abinci ya nuna."

Ya ce to. Ya tashi ya kira ku daga layi, ya wanke maka hannu, Sale, kuka ci tare. Washegari ya fita aiki kamar kullum, bai dawo ba. Mai garejin ya ce bai zo ba. Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a bayan wata mota mai zuwa arewa, cikin samarin da ke neman bakin teku. Na sayar da abin da zan iya sayarwa na bi sawu har Tarabulus, na shiga inda ake tsare baƙi, na leƙa inda ake ajiye gawa, na nuna hotonsa ga duk wanda ya yarda ya kalla. Wani ya ce teku, wani ya ce kurkuku, wani ya rantse ya gan shi yana aikin gini a wani gari. Na dawo hannu rabbana. Tun daga ranar ban sake riƙe alli ba. Ba wanda ya hana ni, raina ne ya fita. Na koya wa yaro guda abin da iska ta ƙunsa, ya gane fiye da kowa, ya yi aiki da shi, ya tsira da ransa, kuma ga abin da ya saya masa.

Zali ta haihu, ta yi arba'in, danginta suka zo suka tafi da ita gida. Ranar da motarsu ta tashi muka rako su bakin titi muka dawo. Uwarku ta shiga tsakar gida ta tsaya a gaban murhu, a daidai inda ya durƙusa. Sai ta zube ƙasa ta fasa wani irin kuka da ban taɓa ji ba, ko ranar da aka kawo Habu ba ta yi irinsa ba. Ta riƙe ƙafata tana cewa a ranar amsar tana bakinta, ta cije ta don kara, ta ce bari baƙuwa ta tafi tukuna, ai yaro yana nan, ina za shi? Ta rayu shekaru bayan haka, kun gan ta, tana dafa abinci tana zuwa biki, amma ni na san rabinta ne. Ku kuka koma gida kuka yi aure, mu muka zauna a gidan nan na Mahdiya, don ita ce ƙofa ɗaya da ya sani. Shi ya sa duk kiran da kuke yi in dawo Matamai nake ce muku sai baɗi.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ana gobe za ta rasu, da hantsi, ta sa na tashe ta zaune na jingina ta da bango. Ta ce in matso. Ta ce tunda ita ba ta samu faɗa ba, ta bar mini amana, in na gan shi in faɗa masa da irin kalmominta, kada in gyara, kada in sa boko a ciki. Na riƙe saƙon nan ina jiran mai shi, ga shi ƙafata ɗaya ta shiga kabari. Don haka na ɗora muku, kai da Nana. In wata rana wani mutum dogo mai furfura ya yi sallama a ƙofar ɗayanku ya ce shi ne, kada ku fara da kawo ruwa, kada ku tambaye shi inda ya shiga. Ku fara da wannan, don shekara da shekaru yana durƙushe yana jira. Ga abin da ta ce, kuma a ranar ne na fara jin sunan a bakinta:

"Ka ce wa Lawali a'a. Ka ce masa da ya shiga, da ni ma na bi shi."